Jakinmu Ya Daina Gane Ni

Daga Labaran a Agadas zuwa ga Yaya Hansai a Runka. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inno? Yaya damina?

Ina nan lafiya, alhamdu lillahi. Maigidana Balarabe ne mai tatsar man na'a-na'a, ni ke tsaron tukunya. Aikin ba wuya, sai dai man ya sa hannuwana sun yi sanyi ƙarara ko a bakin wuta. Jiya na ƙone ban ji ba. Kada Inno ta sani. Ƙamshin man ya kama jikina, har ɓeraye sun ƙaurace wa ɗakina, ko ƙuda ba ya sauka a kaina. Jakinmu da na taho da shi, in na matso sai ya ja da baya yana makyarkyata.

Allah ya sada mu da alheri. Yaya, ki aiko mini da tsohuwar rigata, kada a wanke ta. Ina so jakin ya shinshina, ko zai tuna ni. Ni ma in shinshina.