Ranar da Ruwan Jakar ya Tsaya

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahama, ina da tambaya. Me ya sa kika ce kin ji sauƙi alhali kina karkarwa cikin bargo?

Da aka sallamo ki bayan tiyatar hanta, an bar miki roba a gefen ciki, ruwan matsarmama yana ɗiga cikin wata jaka. Kunyarta kike ji. Da kin ji sallamar 'yan dubiya sai ki tura ta ƙarƙashin hijabi.

Ran Talata ruwan ya tsaya cak. Gidanmu na Wunti ya cika da hamdala, wai ciki ya warke. Har ni na yi murna.

Sai idonki ya yi rawaya, fitsari kamar shayi, ga ƙaiƙayi. Goggo Asabe ta ce, “Shawara ce, kuma shawara ba ta son allura. Kada wanda ya kai ta asibiti.” Aka dafo saiwa. Ni da nake hana kowa magana a teburin mai shayi, ni mai karance-karance, na yi shiru don kada a ce na yi wa yayar Baba rashin kunya. Kwana huɗu, Inna.

Ran na biyar ina gyara miki matashi na ga takardar sallama a ninke. Da Turanci aka rubuta: in ruwan ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo, ko ido ya canja, a dawo nan take. Ke kuwa ajami kaɗai kika iya. Kin adana ta kamar laya.

A cikin keke, a hanyar asibiti, kina ce mini, “Kada ka yi wa kowa faɗa, Auta.” Likita ya ce robar ce ta toshe, ruwan ya koma cikin jininki. Da mun zo ran Talata, wanke ta za a yi ko a canja. Amma mun makara.

Ban yi faɗan ba sai yau. Ki yafe mini shirun nan. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Amma ma'aikacin asibitin da ya miƙa miki takardar nan, bai kuma ɓata minti biyu ya faɗa miki da Hausa ba, na saka wasiƙar nan a shafina na intanet, na kuma san ana karanta ta a unguwarsu. Ya fito nan, gaban kowa, ya gaya mini dalili. Ni na faɗi nawa laifin.

Autanki,
Sadisu