Rasuwar Shugaban Ɗakin Zane, da Injinan da Suka Rage Ba a Gwada Ba

Cikin alhini mai nauyi da miƙa lamari ga Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Iyayen Masu Koyon Sana'a a Masana'antar Ƙera Injina ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma malamin 'ya'yanmu, Babban Injiniya, Shugaban Ɗakin Zane, Mai Sa Hannu na Ƙarshe a kan duk zanen da zai sauka wajen ƙira, kuma Uban wannan Ƙungiya, wanda Allah Ya yi wa cikawa a asibiti sakamakon raunin da ya samu a filin gwaji, sa'ad da faifan ƙarfe na wani sabon injin niƙa ya ɓalle yana tsakiyar juyawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin Shugaban Ƙungiya, da dattawanta maza da mata, da kowace uwa da kowane uba da ya taɓa riƙo hannun ɗansa ya kai shi ƙofar wannan bawan Allah, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa, da ƙanensa, da mahaifiyarsa mai yawan shekaru, wadda muka iske zaune a bakin gado tana tambayar duk wanda ya shigo ko ɗanta ya yi magana kafin ya cika. Abin da za mu iya shaida mata shi ne abin da muka sani na aikinsa.

Waɗanda suka daɗe a masana'antar sun ce kafin marigayi ya karɓi ɗakin zane, kowane mai zane yana ajiye aikinsa a kwamfutarsa, da sunan da ya ga dama. Sai ka ga zanen inji ɗaya ya haihu har gida shida: wannan sunansa "sabo", wancan "sabo na biyu", ga "na ƙarshe", ga kuma "na ƙarshe wallahi". Masu ƙira a ƙasa su yanka ƙarfe da wannan, masu haɗawa su huda rami da wancan, ranar haɗa inji ƙusa ta ƙi shiga, a tsaya ana zagin juna. Marigayi ne ya kashe wannan. Ya ce zane na gaskiya guda ɗaya ne, wurin kwanansa kuma ɗaya, a babbar kwamfutar da kowa ke iya leƙawa daga teburinsa. Duk wanda zai gyara shi sai ya ɗaure shi da sunansa, sauran su gani amma ba su taɓa ba, har ya gama ya sake shi. Kowane gyara yana samun sabuwar lamba, a rubuta a kusurwar zanen abin da aka canza da dalilin canza shi. Tsofaffin zane kuwa a kwashe su zuwa wata jaka daban, wadda yaran suka sa wa suna maƙabarta, kuma duk takardar da aka buga daga tsohon zane shi da kansa yake sauka ƙasa ya bi tebur tebur ya tattara ya yayyaga.

Yaranmu sun sha wuya a hannunsa, ba za mu ɓoye ba. Ba ya gaisawa da mai zane sai ya fara tambayarsa, "Wanne ka buɗe?" har tambayar ta zame masa suna, in sun ji takunsa a matakala sai su ce ga Wanne-Ka-Buɗe nan, kowa ya gyara zama. Ya taɓa kama wani da zane a filashi, ya ɗaga abin sama ya ce, "Ɗana, wannan in kana so ka zuba waƙoƙin bikinka a ciki, amma injina ba ya kwana a aljihun wando." Mu iyaye ma bai bar mu ba. Yakan kira mu taro ya shimfiɗa mana zane a tebur, ya nuna mana kusurwar da lamba take, ya ce ko ba mu gane komai ba mu gane wannan. Ni kakakin Ƙungiya, da na koyi karatu da furfura a kaina, a hannunsa na fara ganin cewa lamba guda a gefen takarda tana iya riƙe ran mutum.

Akwai kuma doka ɗaya da ya kafa wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma babu wanda bai san ta ba. Duk wanda ya sa hannu a zanen inji, shi ne zai tsaya a gaban injin ranar da za a fara kunna shi. Ba mai walda ba, ba mai ɗaure noti ba. Yakan ce hannun da ya san ƙirjinsa ne zai tsaya a wurin ba ya gaggawar sa hannu. Shekara da shekaru shi ne mai tsayawa, kuma ko ƙwarzane wani ɗanmu bai taɓa samu a filin gwaji ba.

Ƙungiya tana ganin haƙƙin iyalansa ne da na jama'a su ji yadda abin ya faru, gwargwadon abin da muka tattara daga bakin 'ya'yanmu. Kafin ya tafi jinyar idonsa, marigayi ya lura sandar ƙarfen da ke ɗauke da faifan wannan inji ta yi siriri, ya ƙara mata kauri, ya ba zanen sabuwar lamba, ya sa hannu. Yana kwance babbar kwamfuta ta lalace, gyaranta ya ja lokaci, aiki kuma bai tsaya ba. Sai aka koma gidan jiya: wannan ya tura wa wancan ta waya, wancan ya kwafa a filashi. Ana cikin haka takardar da ke hannun shugaban masu ƙira ta jiƙe da baƙin mai har ba ta karantuwa, ya aika sama a sake buga masa, aka buga daga kwafin da ya fi kusa da hannu. Tsohon ne. Zanen biyu a ido kamar an tsaga kara, bambancinsu 'yan milimita ne a jikin sanda ɗaya. Da marigayi ya dawo, idonsa ɗaya na rufe da auduga, aka ce masa inji ya haɗu. Ya yi tambayarsa da ya saba, aka ce masa na gaskiyan aka buɗe, kuma duk wanda ya faɗi haka ya faɗa ne da zuciya ɗaya. Ya ce yara su matsa baya. Ya tsaya a wurinsa.

Ba mu fitar da wannan sanarwa don mu nuna wani da yatsa ba. Wanda ya buga takardar ɗan wata uwa ne a cikinmu, bai ci abinci ba tun ranar, uwarsa na kwana a ƙofar ɗakinsa. Shugaban masu ƙira shi ya ɗauki marigayi a kafaɗa zuwa mota, rigarsa har yau ba a wanke ba. Kwana ya ƙare, mun yarda. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana mu faɗin abin da ya rage ba.

Akwai wasu injina da aka ƙera a cikin wannan lokaci na rikicin kwafi, suna nan jere a filin gwaji an lulluɓe su da tamfol, babu wanda zai iya rantsuwa da wane zane aka yanka ƙarfensu. Masu su suna matsa lamba, kuma mun ji hukumar masana'anta na shirin a kunna su da zarar an tashi daga zaman makoki. Zanen waɗannan injina ba marigayi ne ya sa musu hannu ba. Da zai tafi jinya ya damƙa sa hannu ga babbar ɗalibarsa, wadda ta gama koyo a hannunsa ya riƙe ta mataimakiya. Ƙungiya ta umarce ni in bayyana, don kada wani ya ce mun ɓoye, cewa yarinyar 'yata ce.

Na roƙe ta. Na ce ta ce ba ta da lafiya, na ce ta bar aikin baki ɗaya, abin da muke ci ba zai gagare mu ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Inna, zanena daidai yake, ƙarfen ne ban sani ba. Amma ni na sa hannu. In na ɓuya a bayan mai walda, gobe kowa zai sa hannu yana hira." Na san bakin da ta ɗauko maganar.

Saboda haka Ƙungiya, bayan zaman da ta yi, tana kira ga Mai Girma Shugaban Masana'anta da Hukumar Gudanarwarsa, cikin ladabi da girmamawa, da kada a kunna ko ɗaya daga cikin injinan nan sai an kwance shi, an auna kowace sanda da kowane faifai, an gwada da zane na gaskiya da ke cikin babbar kwamfuta yanzu da ta dawo aiki, sannan a bi ɗakin ƙira a tattara duk takardar da aka buga a lokacin jinyar marigayi. Mun san wannan zai ci lokaci, masu injina kuma za su yi fushi. A gaya musu an yi rasuwa. Ba mu nemi a soke dokar tsayawa ba. Wasu iyaye sun so haka, ni ma na so, amma 'ya'yanmu sun ƙi, kuma mun bar musu.

Idan aka ji wannan kira, mun gode, Allah Ya saka. Idan kuma aka ga ba za a iya jira ba, ba za mu rufe ƙofar kowa ba, ba za mu ɗaga murya a gidan da ake makoki ba. Ranar gwaji dai za mu zo, iyaye mata da iyaye maza, kowa ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da nasa a gaban injin. Sai a nemo wanda zai danna makunnin.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Babban Injiniya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa tsayuwar da ya yi a madadin 'ya'yan mutane ta zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa da mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙurin jure wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya sa tamu ta yi kyau in ta zo. Amin.

Sa hannu:
Maman Mai Zane
Kakakin Ƙungiyar Iyayen Masu Koyon Sana'a
A madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan Ƙungiya