Inna Ba Ta Faɗin Sunan Ɗan Fari

Amurka

Zuwa ga ƙanwata Kubura,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya Ƙauran Namoda?

Na samo wa Inna ranar ganawa ta neman biza a ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Dokoki sun sauya, yanzu ko tsoho sai ya tsaya gaban jami'i ya amsa da bakinsa, kuma amsar ta dace da abin da aka rubuta. Ni ba ni da halin zuwa. Ana sake duba takarduna na zama, lauya ya ce idan na fita ba lalle ne a bar ni in dawo ba. Ko wurin aiki ba na zuwa sai da shaida a aljihu, don ana tare mutane.

Ki je Moriki ki ɗauko ta. Za a tambaye ta wurin wa za ta, sai ta faɗi sunana. Na san ni ɗan fari ne, tun ina yaro "wancan" nake a bakinta, amma mutanen nan ba su san kunyar Fulani ba. Ki lallashe ta. Na yi kewarta ƙwarai, kuma ina so ta ga jikarta.

Wassalam. Yayanki,
Jaji

Ƙauran Namoda

Hamma Jaji,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai gajiyar hanya.

Ka ce in lallashe ta, sai ka ce ba ka san Inna ba. Na zaunar da ita a tsakar gida, na zama jami'i, na ce, "Wurin wa za ki?" Ta ce, "Ke ba ki san shi ba?" Haka muka yi ta fama har yara suka gaji da dariya. Daga ƙarshe ta ce in mun je can za ta san abin yi, ni kuma na yarda, wautata ke nan.

A Abuja ba a bar ni na shiga ba, ita ta ba ni labari da ta fito. Matar da ke bayan gilashi ta tambaya ta bakin tafinta, wurin wa za ta. Inna ta ce, "Wani yaro na gidanmu." Aka ce 'ya'yanki nawa, ta lissafa ni da Mamuda da Zulaihat, ta tsaya. Matar ta duba takarda ta ga huɗu. Ta ce mene ne sunan wanda ya gayyace ki? Inna ta shiga gyaran mayafi. Tafintan, wani Bakano, har ya ce mata, "Hajiya, ki faɗa mana," aka hana shi ƙarawa.

An dawo mata da fasfo. Kuma yanzu ana cewa za a dakatar da ba 'yan ƙasarmu irin wannan biza, ka fi ni sani. Raina ya ɓaci, amma ban iya yi mata faɗa ba. A mota ba ta ci komai ba har Gusau.

Ka gaishe da matarka Anisa da jaririya.
Kubura

Amurka

Kubura,

Salam. Maganar dakatarwa gaskiya ce, ƙofa ta rufe. Kalma ɗaya aka nema daga gare ta. Kawu ya riƙe ni a Shinkafi ban yi ƙorafi ba, na yi aure ba ta leƙo ba na ce al'ada ce. Wannan kam ta yi mini ciwo. Ki tambaye ta, ɗa ne ni ko ba ɗa ba?

Jaji

Moriki

Hamma,

Bayan gaisuwa, na karanta mata takardarka, ban rage komai ba. Ta daɗe tana tsince gero, sannan ta ce in rubuta yadda ta faɗa:

"Ki ce mishi ina gaisuwa. Ki ce mishi nagge ba ta manta maraƙinta. Sunan nan ni na zaɓe shi, na aika ga babanshi a ɓoye, ban faɗi ma kowa ba sai yau. Na yi niyyar faɗi, Allah shi ne shaida, bakina na buɗe. Sai na ga ba ya kyautuwa baƙuwa ta fara jin shi daga gare ni, mai shi bai ji ba. In yana son ji, shi zo. Ƙafafuna sun fara nauyi, ki gaya mishi wannan ma."

Maganar ƙafa gaskiya ce, yanzu a zaune take sallah.

Ka huta lafiya.
Kubura

Amurka

Kubura,

Assalamu alaikum. Na sake zama da lauya, ya ce kada in fita. Na ji shi. Mun yi magana da Anisa, ta yi kuka, sannan ta fiddo mini jaka.

Ki gaya wa Mamuda ya tare ni a tashar Ƙaura ranar Laraba. Kada ki ce wa Inna komai.

Wassalam,
Jaji