Ba afendis aka yi mini ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Alhaji?

An yi mini aikin rage nono. Tsayuwa a kan injin a kamfanin robobi na Sharada ta kusa ɓalla mini baya. Ɗinkin yana zafi, tabo ma zai zauna, amma na yarda.

Don kunya, Gwaggo Asabe ta gaya wa 'yan dubiya wai afendis ne. Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, nono aka rage." Ta ce na taɓa halittar Allah. Na ce, "Da nauyin ya hana ni ruku'u, wa ya taya ni ɗauka?"

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Wanda ya tambaya, faɗa masa gaskiya.

Ƙanwarki,
Binta