Inna Tana Sirka Maganin Baba

Assalamu alaikum, Yaya Bashir.

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara? Mu nan Safana sai godiya, ka san yadda gari yake.

Hankalina ba a kwance yake ba. Jiya na samu na leƙa gida Karare, na tarar saran fartanyar nan na ƙafar Baba ya soma wari. Ashe ruwan wanke ciwo mai kumfar nan, Inna sirka shi take da ruwan randa don ya daɗe, saboda tsada. Sai na tuna bayaninka na ɗakin gwaji: in ƙwayar cuta ta ɗanɗani guba kaɗan, sai ta tashi wasu ƙwayoyin gadonta da ke barci su haɗa mata kariya, ko magani mai ƙarfin ya zo ya tarar ta shirya. Na gaya wa Inna, ta ce, "Ke malamar makaranta ce, ba likita ba. Ai yana kumfa."

Yaya, maganarka kaɗai take ji. Ka kira ta yau, a kai Baba asibitin Batsari. Da hannunmu muke horar da abin da ke cin ƙafarsa.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka, Hadiza