Ɗakin Wanka a Bakin Fadama

Litinin, 11 ga Afrilu, 1994
Council, hukumar gari a nan ƙasar Turawa, sun dawo mana da takarda. Ɗaki ɗaya fa muka nemi mu ƙara a bayan masallacin ƙungiyarmu na Stratford, inda za mu riƙa yi wa mamatanmu wanka. Wai ginin zai shiga taku ashirin cikin fadamar da doka ta kare, sai an zauna an duba ko za a ɗaga mana ƙafa. Fadama! Kwatami ne da ciyawa da tsofaffin tayoyi. Ni da na tashi a Haɗeja za a koya wa fadama?

Laraba, 20 ga Afrilu
Na je asibiti duba Baba Abukari, wanda shekara ashirin shi ke wanke mana gawa a aron wuri. Ya rame ƙwarai. Ya riƙe hannuna: "Maje, a ɗakinmu nake so ku wanke ni." Na ce in sha Allahu, Baba. Da bakina na faɗa.

Juma'a, 29 ga Afrilu
Ashe wata tsohuwa ce ta kai ƙorafi, Mrs Pell, mai yini a bakin ruwa tana leƙen tsuntsaye da madubin hangen nesa. Ta tare ni wai me zai hana mu mai da ofishina ɗakin wankan, tunda akwai famfo kusa. Ji ƙarfin hali! Sakataren ƙungiya guda, a corridor zan zauna?

Asabar, 7 ga Mayu
Gayya! Ni na kira ta, don council su ga mu masu gyara ne. Mutum talatin da huɗu, da adda da shebur. Hajiya Memunatu ta yo waina. Kafin la'asar mun share bayan nan tas, ko tsinke babu. Rabon da in ji daɗi haka tun gida.

Litinin, 9 ga Mayu
Mrs Pell a ƙofa tun safe, da kwali a hannu. Sheƙar tsuntsaye bakwai daga inda muka share, ƙwai a farfashe. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ina muka san akwai wata sheƙa a ciki?

Alhamis, 2 ga Yuni
An yi zama. Minti uku aka ba ni, na yi maganar gawa da mutunci, su kuma hotunan gayyarmu suke miƙa wa juna. An yi refuse, an hana mu ginin. Har da umarnin mu mai da ciyawar yadda take. A jirgin ƙasa muka dawo da Isma'ila, ma'ajinmu, ya riga ni sauka. Haushi kamar in fashe. Tsuntsu ya fi Musulmi daraja a garin nan, shi ke nan.

Lahadi, 5 ga Yuni
Baba ya tambaya. Na ce ana kai.

Lahadi, 19 ga Yuni
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Abukari ya cika bayan azahar. Isma'ila ya ce a buga waya masallacin Turkawa, inda muke aron wurin wanka, kamar kullum. Na ce a dakata. Ni da shi muka fitar da teburina da kabad daga ofishina zuwa corridor, muka ja tiyo daga famfon alwala. Gawar Baba ta shiga daidai, har da wurin tsayuwar mutum uku. Ni na zuba masa ruwa. Tun Afrilu ɗakin nan yana nan.

Asabar, 10 ga Satumba
Dashen ciyawar da aka tilasta mana. Mutum shida kacal, ba waina. Mrs Pell ta zo da takalman roba, har da nawa, ban san inda ta samo size ɗina ba. Ta nuna wani ɗan mitsitsin tsuntsu, ta ce ire-irensu sun kusa tashi, can wajenmu suke cin hunturu, sai bazara su dawo. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Fadamar babanmu ta faɗo min a rai, yadda ta ƙafe bayan an tare ruwa daga sama, ba wanda ya tambaye mu. Ba wai na ce tana da gaskiya ba.

An gama sa tayil a tsohon ofishina. A corridor nake rubutun nan, iska na dukan ƙafata. Ɗazu a wajen dashen na riƙe madubin Mrs Pell na ɗan lokaci, don kawai hannunta duk taɓo ne.