A Kaoje Likita ake ce mini, alhali girki nake karantawa

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku saurare ni kafin ku zage ni, ni ma na san ban kyauta ba.

Ni 'yar Kaoje ce. Bayan sakandare na shiga makarantar koyon sana'a, na koyi girki da kula da baƙi, na kama aiki a masaukin kawuna a Bagudo, inda fataken da ke tsallakawa Benin suke sauka. Da ƙyar Baba ya yarda, don a wurinsa 'yar mutunci ba ta aikin otal. Ni ce a kicin, ni ce a gyaran ɗakuna, ni ce tafinta idan masu jin yaren Dendi sun zo. Ranar da za a naɗa manaja sai Kawu ya ɗauko wani daga Birnin Kebbi, ya ce mini, "Ke ba ki da takarda, tukunya kika sani." Maganar nan ce ta kai ni poli karatun harkar otal. Na ce a raina, shin haka zan tsufa a bakin murhu ina yi wa wasu aiki?

Da na je sallama Baba ya ce, "Mi za ki karantawa, ɗiyata?" Wallahi ban shirya ƙarya ba, bakina ne kawai ya ce aikin jinya. Ya ɗaga hannu yana sa mini albarka har da hawaye, kafin la'asar ya gaya wa duk abokansa na masallaci. Daga baya suka ga hotona da fararen kayan kicin, suka ɗauka na asibiti ne, shi ke nan magana ta zauna. Duk hutun da na zo, tsofaffi su miƙo mini hannu in duba musu jini, ni kuwa in ce ba a kai mu nan ba tukuna. Kunya kamar in nutse.

Yanzu abin ya wuce kunya. Ruwa ya cinye hanyarmu, matar yayana kuma cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kullum ciwon kai. Na ce a sa ta a kwalekwale a kai ta asibiti. Yaya ya yi dariya ya ce, "Asibitin mi, ga Likita cikin gida?" Jiya matar tasa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke za ki karɓi haihuwata, hankalina ya fi kwanciya da ke." Ni da ko allura ban taɓa riƙewa ba!

In na faɗi gaskiya, na san Baba zai cire ni daga makaranta, kuma da wane ido zai dubi mutanen gari? In na yi shiru wani abu ya same ta, me zan gaya wa Allah? Karatuna nake so, ba na son rai ya salwanta a kaina, ga shi watanta ya kama.

Jama'a, me zan yi?